Gida ba takarda, gini ba yarjejeniya: ina hukuma take a Magarya da Dungas?

Da zarar damina ta ɗauke a ƙasar Magarya da Dungas, an kai gero rumbu, an sayar da riɗi da wake da rake, sai harkar gini ta tashi. Amalanken shanu su shiga jigilar yashi, masu buga bulo su baza hajarsu a bakin hanya. Ɗan kasuwar da ya shekara yana kai da kawowa tsakanin Tinkim da Babura, ko tsakanin Dungas da kasuwar Maigatari, ya ce bana sai ya rufa ɗaki. Malamin makarantar da haya ta ishe shi ya ciwo bashin banki a kan albashinsa. Kafin bazara ta kama, wasu daga cikin gine-ginen nan sun tsaya a lintal, tumaki na kwana a ciki, masu su kuwa suna zaune a zauren mai gari ko a harabar kotu. Wannan yana cewa filin da aka sayar masa ashe gonar gado ce. Wancan yana cewa magini ya karɓi kuɗin kwano ya ɓace. Magini kuma yana rantsuwa cewa tun da aka ɗora bulon ƙarshe bai sake ganin ko dala ba.

An saba ɗaukar irin waɗannan ƙararraki a matsayin rigimar mutum biyu, a ce wane macuci ne, wane kuma ya cika ganganci. Akwai macuta, babu musu. Amma Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke cikin wannan bango sunanta rashin takarda. Dokokin Nijar sun tanadi kariya mai yawa ga mai fili da mai gini da magini, sai dai kusan dukanta an rataye ta ne a wuyan rubutacciyar shaida, alhali hukumar da ke da alhakin samar da shaidar ita ce ta fi kowa dagula ta.

Matsin ƙasa a wannan yanki sananne ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba gundumar Magarya mutum sama da dubu 577, ta Dungas kuma sama da dubu 353, kuma yankin na cikin waɗanda suka fi cunkoson jama'a a faɗin ƙasar. Tun da aka ɗaga Dungas zuwa matsayin gunduma a 2011, aka raba ta da Magarya, ma'aikatu suka zo da ma'aikatansu, kowa na neman wurin sa kai. Gari kuwa ba ya faɗaɗa sai ta cikin gonaki. Haka abin yake a Bande da Waca da Ɗan Ciyawo, haka a Malawa da Guci da Dogo-Dogo: inda aka shuka gero bara, bana an kafa turakun siminti an raba shi fili-fili. A daidai wannan gaɓa, inda gona ke rikiɗa ta zama unguwa, dokoki biyu ke karo da juna.

Ta ɓangaren karkara akwai doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shefu Amadu ta bari bayan babban taron ƙasa. Ita ce tushen abin da ake kira Kod Rural. Kuɗurinta na 5 ya daidaita haƙƙin da aka samu ta hanyar al'ada da wanda aka samu ta rubutacciyar doka, kuma ita ta haifi kwamitocin ƙasa, wato kofo, waɗanda aka fara gwadawa a Mirya da Maine-Sorowa a 1994 kafin su bazu zuwa gundumomi da ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Ta wannan hanya manomi na iya samun takardar shaidar mallakar gargajiya, ko ta saye, ko ta kyauta, ko ta aro, ko ta jingina, da sa hannun mai gari. Ta ɓangaren birni kuwa tsohon tsari ne: dokar Faransa ta 26 ga Yuli 1932 wadda ta sake tsara rajistar filaye a yankin Afirka ta Yamma, da doka mai lamba 59-113 ta 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati. A ƙarƙashinsu takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wadda kowa ya sani da suna akt-da-sesiyo, mataki ne kawai, mai sharaɗin a raya filin cikin wa'adi. Takardar da ba ta tayuwa ita ce titir-fonsiye, wadda ma'aikatar filayen gwamnati ke bayarwa bayan awo da rajista.

Ke nan takardu uku ne ke yawo a hannun jama'a, kowacce da nauyinta, ga kuma ta huɗu wadda ta fi su yawa: ƴar takardar hannu da dillali ya rubuta a ƙarƙashin bishiya, da sa hannun shaidu biyu. Mutum nawa ne cikin masu saye suka san bambancin? Wa ya taɓa zama ya bayyana musu da Hausa? A 2006 gwamnati ta fito da sauƙaƙƙiyar hanyar samun titir, har ta laƙaba mata sunan Hausa, Sheda. Suna ne mai kyau ƙwarai. Sai dai wanda ke Yekuwa ko Sasumburum, idan har sai ya bar shagonsa ya hau mota zuwa Damagaram, ya biya mai awo, ya koma ya sake dawowa, sunan kaɗai zai ji a rediyo.

Tarihin hukuma da ƙasa ma bai taimaka ba. A watan Disamba 1974 Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce; magana ce da ta daɗaɗa wa masu aro rai, amma ba a bi ta da rajista ba, har yau jikokin mai aro da jikokin mai bayarwa suna jayayya a kanta. A farkon shekarun 2000, zamanin Tanja Mamadu, da gwamnati ta rasa kuɗin biyan albashin da ma'aikata suka biyo ta tun shekarun 1990, sai ta biya su da filaye. Ma'aikaci ya karɓi takarda a madadin guminsa na watanni, da yawa kuma suka karyar da ita ga ƴan kasuwa tun ba su ga inda filin yake ba. Darasin da aka koya daga nan shi ne fili kuɗi ne da hukuma ke iya bugawa idan baitulmali ya bushe. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yuli 2004, aka ɗora musu nauyi ba tare da isasshen kuɗin shiga ba, yanka filaye ya zama hanyar da ta fi sauƙi ta cike giɓi a sassa da dama na ƙasar. Doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce ba a karɓe wa mutum ƙasarsa don amfanin jama'a sai an biya shi diyya ta adalci tun kafin a karɓa. Inda aka tsallake wannan mataki, ko aka sallami babban wa aka manta da ƙanne da ƴan'uwa mata waɗanda su ma magada ne, to an sayar wa mai saye fili haɗe da shari'a. Malaman Malikiyya sun san haƙƙin shuf'a, wato fifikon abokin tarayya a kan baƙo idan za a sayar da kason da ba a raba ba. Dillali kuwa bai san da shi ba, ko ya sani bai faɗa.

A ɗauki misalin ma'aikacin jinya da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Difa, ya bar wa ƙanensa amanar gini a Magarya. An yi harsashi, an kai lintal, sai ga wani ya zo da takardar kofo yana cewa gonar ubansa ce, ba a taɓa raba gadon ba. Tun da filin ba shi da titir, alƙali zai yi hukunci ne bisa al'ada, tare da mashawartan gargajiya, kamar yadda dokar tsarin shari'a ta tanada tun 1962 kuma dokokin 2004 da 2018 suka riƙe. Idan aka ba magada gaskiya, makomar ginin tana cikin kuɗuri na 555 na Kod Sibil da aka gada daga Faransa. Wanda ya yi gini bisa kyakkyawar niyya, yana zaton filinsa ne, ba a tilasta masa rushewa. Mai ƙasa zai zaɓa, ko ya biya shi kuɗin kaya da na ƙwadago, ko ya biya abin da ginin ya ƙara wa filin na daraja. Wanda kuwa ya san da jayayya ya ci gaba da ɗora bulo, ana iya sa shi ya rushe da kuɗin aljihunsa. To da me ake gane kyakkyawar niyya? Da takardar da ya riƙe ranar da ya fara haƙa harsashi, da kuma ranar da aka fara yi masa gargaɗi. Masu ba da shawarar a yi sauri a rufa ɗaki kafin a shiga kotu, wai don alƙali ya ji tausayi, rami suke haƙa wa mai ginin.

Sai batun magini. Aikin jinga tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma zamanin da ake gini da tubali da azara, sarkin magina na gari ya isa ya raba gardama, don ƙasa da ruwa da ƙarfin hannu ba su da farashin da ke canjawa dare ɗaya. Ginin siminti daban ne. Siminti da rodi da kwano da katako duk saye ake yi, kuma a kudancin Damagaram akasarinsu ta iyaka suke shigowa. Ana ƙulla magana da sefa, a sayo kaya da naira, a biya lebura da duk wanda ya samu. Dattawan ƴan kwangila ba su manta da watan Janairu 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Na baya sun ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun ga yadda aka saki naira a watan Yuni 2023 ta faɗi daga wajen 460 a kan dalar Amurka har ta haura 1,500 a farkon 2024, sun kuma ga takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 wanda ya toshe iyakar har zuwa Maris 2024. A watan Oktoba 2024 kuma gwamnati ta rage farashin siminti bayan ambaliya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya lissafin ginin da ke tsakiyar aiki, wani lokaci ya cuci magini, wani lokaci ya cuci mai gida. Wa zai ɗauki asarar?

Kod Sibil ya amsa tun tuni. Kuɗuri na 1793 ya ce ɗan kwangilar da ya karɓi gini a kan dunƙulallen farashi, bisa tsarin da aka amince da shi, ba shi da ikon neman ƙari don kaya sun yi tsada ko don ƙwadago ya hau, haka kuma ba ya neman kuɗin canje-canjen da aka yi sai in an amince da su a rubuce an kuma yanke farashinsu. Kaifi biyu ke gare shi. Yana kare ma'aikacin da ya ci bashin banki daidai da lissafin da aka ba shi. Yana kuma yanka maginin da alhaji ya tsaya a kansa da la'asar ya ce a ƙara taga nan, a ɗaga katanga can, a mai da zauren ya zama shago, shi kuma ya amsa da to ranka ya daɗe, don kunya ta hana shi cewa a rubuta. Ranar lissafi alhaji ya ce shi gida ɗaya ya yi jinga, magini ya rasa abin nunawa sai rantsuwa.

Laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Akwai ɗan kwangilar da ke karɓar kafin alƙalami a gida uku, ya toshe ramin na farko da kuɗin na uku. Akwai mai rage siminti a bulo, da mai sa siririn rodi inda aka biya kuɗin kauri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kuɗuri na 1792 ya ɗora wa mai kwangila alhakin gini har shekara goma idan ya rushe, duka ko wani sashe, saboda aibin aiki, kai har ma saboda aibin ƙasar da aka ɗora shi a kai. Wannan jimla ta ƙarshe kamar don kwarin Korama aka rubuta ta, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, kanwa ke cin gindin bango, fadama kuma ke komawa mazauninta duk shekarar da aka yi ruwa mai yawa. Wanda ya ga yadda tsohon masallacin Birni na Damagaram ya zube a watan Satumba 2024 ya san damunan yanzu ba sa wasa da gini. Amma shekara goman daga yaushe za a fara ƙirga ta, idan babu takardar ranar da aka miƙa gida? Kuma da wa za a yi shari'a, idan sunan da aka sani na maginin laƙabi ne kawai, gidansa kuma yana hayin iyaka?

A ƙasan kowa akwai lebura da birkila da kafinta, waɗanda ba su ƙulla komai da mai gida ba. Su ma doka ba ta manta da su ba: kuɗuri na 1798 ya ba su damar bin mai gida kai tsaye, amma iyakar abin da ɗan kwangila ke bin sa a ranar da suka kai ƙara. Idan mai gida ya ce ya biya duka, ba rasit, ba shaida, shi ke nan, yaron da ya kwashe wata biyu yana kwaɓa siminti a rana ya tafi ci-rani da hannu wofi.

Abin da ya fi ban takaici yana cikin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a watan Oktoba 1993, wadda Nijar ke cikinta. Dokar jingina, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta ba masu zanen gini da ƴan kwangila da sauran masu aikin gini damar ɗora jingina a kan ginin da za su yi, ko da yardar mai shi ko da izinin alƙali, domin kuɗinsu ya tabbata. Ita dai wannan doka ta ce ba a jinginar da gida sai mai rajista. Ma'ana, a garin da titir ya zama abin nema da fitila, wannan kariya ado ce a cikin littafi. Haka ma gajeruwar hanyar karɓar bashi ta umarnin alƙali, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2023: tana buƙatar bashi tabbatacce, sanannen adadi, wanda lokacin biyansa ya yi, da takardun da ke nuna haka. Wanda ba shi da su sai ya bi doguwar hanya. Shi ya sa wasu ke garzayawa wurin jandarma da rigimar da ta kamata a kai kotun farar hula, suna fatan kwana ɗaya a tsare zai fito da kuɗin da shekara ba ta fitar ba. Cin amana laifi ne da doka ke hukuntawa, amma saɓani a kan lissafi ba laifi ba ne, kuma duk inda aka cakuɗa su biyun mai dogon hannu ne ke cin riba.

Za a ce al'ada ce, Bahaushe yana ganin neman takarda tamkar zargi ne. Wannan uzuri bai da ƙarfi a ƙasar da kowane gari ke da malamai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗan kasuwar da ba ya barin buhun sukari ɗaya ya fita daga shagonsa sai an shigar a littafi, yaya zai zuba miliyoyi a gini bisa musafaha kawai? Ma'aikacin da ke cika takarda biyar kafin a ba shi hutun kwana uku, yaya zai aika kuɗin rufi ta waya ba tare da ko rasit ba? Rabonsu na laifi ke nan, kuma gyaransa bai fi ƙarfinsu ba: shafi ɗaya, da boko ko da ajami, mai ɗauke da cikakken sunan kowa, da girman aiki, da wanda zai sayi kaya, da kuɗin da za a biya da shi, sefa ko naira, da biya mataki-mataki, harsashi, lintal, rufi, yaɓe, da ɗan abin da za a riƙe sai gini ya ga damina ɗaya.

Sauran nauyin kuwa na hukuma ne. Dokar tsara birane ta 2017 da ta gine-gine ta 2018 suna nan, manufar ƙasa kan filayen karkara da aka amince da ita a 2021 tana nan. Ƙarin doka ba shi ne abin da Magarya da Dungas ke jira ba. Suna jiran taswirar kowane yankan filaye a manne a bangon ma'aikatar magajin gari, inda mai saye zai sa yatsa a kan lamba ya ga sunan wanda ke riƙe da ita kafin ya zaro kuɗi. Suna jiran kofo ta ƙaramar hukuma ta sa hannu cewa an sallami dukan magada kafin a kafa turke ko ɗaya a gona. Suna jiran ma'aikatan awo da na filaye su riƙa saukowa daga Damagaram a ranakun da aka sanar, kamar yadda masu rigakafi ke zagayawa, domin Sheda ta iso inda ake buƙatarta. Sarakuna da masu gari, waɗanda dokar 2015 ta tabbatar musu da ikon sulhu, kuma rigimar gona ba ta isa gaban alƙali sai ta bi ta hannunsu, su ma ya kamata a ba su littafi da magatakarda, don sulhun da ba a rubuta ba yakan mutu tare da wanda ya yi shi.

Tun watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Su ba su da ƴan siyasar da za su saka wa da filaye, ba su da zaɓen da za su tara wa kuɗi; saboda haka ba su da hujjar da magabatansu ke fakewa da ita. Littattafan rabon filaye na shekara ashirin, daga 2004 zuwa 2024, suna hannunsu. Aikin farko shi ne su buɗe su, su tantance filayen da aka ba mutum biyu, da waɗanda aka yanka a wurin da aka keɓe wa makaranta ko kasuwa ko hanyar ruwa, da gonakin da har yau ba a biya masu su ba, su kafe jerin a bainar jama'a a Magarya da Dungas kafin a buga bulon kaka mai zuwa.